Tikiti Mai Zane: Yadda Manyan Landan Suka Riƙe Ƙofar Kiɗa

A cikin tarin takardun da ke ajiye a gidan tarihi na British Museum a Landan akwai wasu 'yan katuna da ba su wuce tafin hannu ba, ko su ɗara kaɗan. Wanda bai san su ba zai ɗauka hotunan ado ne. A wani ga Apollo, gunkin kiɗa na tsoffin Girkawa, riƙe da garayarsa. A wani ga 'yan mata cikin mayafai suna waƙa, jarirai masu fukafukai suna shawagi a kansu da zanen furanni. Sai an dubi ƙasa da kyau za a ga layi ɗaya na rubutu mai lanƙwasa, yana cewa an shirya wannan ne don amfanin wane. Tikitin shiga taron kiɗa ke nan a Ingila ta ƙarni na 18.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a kansu shi ne abin da babu. Da dama daga cikinsu ba su ɗauke da farashi, wasu ma babu rana balle wurin taro. Tikitin da bai faɗi inda za a je ba, ai an yi shi ne don wanda ya riga ya sani, kuma a nan ne labarin yake.

Yin kati ɗaya aikin mutum biyu ne, wani lokaci uku. Mai zane ya fara fitar da hoton a takarda. Sai a miƙa wa mai sassaƙa, ya kwafe shi a kan farantin jan ƙarfe da aka goge har yana ɗaukar ido, kuma a juye zai kwafa, dama ta koma hagu, har da rubutun. Wani wurin ya yanka layi da ƙarfe mai tsini. Wani wurin ya shafe farantin da kaki, ya zana da allura, ya tsoma a asid ya cinye inda allurar ta bi. Fatar jiki da inuwa kuwa da ɗige-ɗige ake fitar da su, dubbai, ɗaya bayan ɗaya. In an gama a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman tas, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a murza cikin injin matsa. Kowane kati sai an sake shafa tawada an sake gogewa. Jan ƙarfe ba shi da tauri sosai, saboda haka in bugu ya yi yawa layukan sai su fara dusashewa, shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya har yau suke rububin bugun farko, musamman wanda aka ciro kafin a sassaƙa rubutun. Daga ƙarshe mai taron ya sa lamba da hannunsa, ya sa hannu, sau da yawa ya danna hatimi a kan jan kaki, don kada wani ya buga na jabu.

Sarkin wannan sana'a shi ne Francesco Bartolozzi, mutumin Fulorans ta Italiya. Richard Dalton, mai kula da ɗakin karatun Sarki George na Uku, shi ya jawo shi Landan a 1764, kuma da aka kafa Royal Academy a 1768 yana cikin waɗanda aka fara da su. Abokinsa tun suna samari, Giovanni Battista Cipriani, wanda ya riga shi zuwa tun 1755, shi ke yawan yi masa zanen. Hannayen nan biyu suka fitar da tikitin rawar da aka yi a lambun Ranelagh ranar tseren kwalekwale na 1775, da na liyafar John Wilkes lokacin yana magajin garin Landan a wannan shekarar. Bartolozzi ya yi wa mawaƙi Tenducci, ya yi wa mawaƙiya Brigida Banti, ya yi wa Dragonetti mai babban goge, amma babu wanda ya sha aikinsa kamar Felice Giardini, gwanin gogen Turawa daga Turin. Shi kansa Bartolozzi yana taɓa goge, makaɗan nan kuma 'yan ƙasarsu ne da ke cin abinci a gari ɗaya, don haka da yawa daga cikin katunan aikin zumunci ne. Zumuncin ya kai har ga aure: ɗansa Gaetano ya auri Therese Jansen mai kaɗa fiyano a watan Mayu na 1795, kuma Joseph Haydn na cikin shaidun ɗaurin auren.

To, me ya sa makaɗi zai nemi gwanin da sarki ke alfahari da shi ya ƙawata masa takardar da mai gadi zai karɓa a bakin ƙofa? Amsar tana cikin halin da makaɗan Turai suka tsinci kansu a lokacin.

A yawancin Turai makaɗi bara ne na gida ɗaya. Yarjejeniyar da Haydn ya sa wa hannu da Yarima Paul Anton Esterházy ranar 1 ga Mayu, 1761, ta fayyace komai ba kunya. Shi da yaransa za su bayyana cikin kayan gida, da farar safa da hoda a gashi. Kullum kafin azahar da bayanta zai tsaya a zaure ya ji ko Yarima na son kiɗa. Duk abin da ya tsara na Yarima ne, ba zai ba kowa ba, ba zai bari a kwafa ba. Ladansa gulden 400 a shekara da abinci a teburin manyan ma'aikata. Haydn ya yi kusan shekara 30 a gidan, kuma ba a ce ya wulaƙanta ba: yana da tawagar makaɗa a hannunsa kullum, yana gwada abin da ya ga dama, ya san inda abincin gobe zai fito. Mozart bai iya wannan zaman ba. Rigimarsa da ubangidansa, Babban Bishop na Salzburg, ta ƙare a 1781 da Count Arco, bafaden Bishop ɗin, ya sa ƙafa ya tunkuɗo shi waje.

Landan daban take. Tun bayan yaƙin basasar ƙarni na 17 fadar Ingila ba ta sake samun kuɗin riƙe manyan tawagogi irin na sarakunan Jamus ba, manyan ƙasar kuma ba su cika ajiye makaɗa na dindindin a gidajensu ba. Kuɗi dai akwai shi, sai dai a warwatse yake cikin aljihuna da yawa. A 1672 wani mai goge, John Banister, ya fara karɓar sule ɗaya a bakin ƙofar gidansa a Whitefriars, abin da ake yawan kira taron kiɗa na kuɗi na farko a Turai. Daga 1678 Thomas Britton, mai tallan gawayi, ya riƙa tara mutane duk mako a ɗakin da ke saman rumbun gawayinsa a Clerkenwell, manya da kuɗinsu da sarautarsu suna hawan matsattsen tsani su je su ji. Makaɗin da ya zo Landan ke nan bai da ubangida ɗaya. Sai ya nemi ɗari biyu, ya koya wa 'ya'yansu kiɗa, ya kaɗa a falonsu, sa'an nan sau ɗaya a shekara ya shirya daren da duk abin da aka samu bayan an cire kuɗin ɗaki da kyandir da makaɗa nasa ne. Abin da Bahaushe ya sani da ajo ke nan, ba ragi ba ƙari: kiɗa ana yi, amma kowa ya san don me aka taru, kuma ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Farashin da aka saba rabin gini ne, wato sule goma da sisi, kusan ladan mako guda na lebura a Landan. Ba a shago kaɗai ake sayar da tikitin ba. Tallan jarida kan ce a same shi a masaukin mai ajon, kuma al'ada ce makaɗi ya sa kayansa masu kyau ya bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya yana kai gaisuwa da katunan a aljihu. Babban mutum ba zai miƙa sule goma da sisi ya tsaya jiran canji ba. Zai karɓi da yawa, ya ba da zinariya fiye da ƙima. Nan ne kyawun katin ke aiki. Miƙa wa matar Duke tsurar takarda mai farashi roƙo ne a fili. Miƙa mata zanen Cipriani da Bartolozzi ya sassaƙa kuwa kyauta ce, abin da za ta mayar ya zama tukuici. Kowa ya fita da mutuncinsa, kuɗi kuma ya canja hannu. Gumakan Girkawa da ke kan katin su ma suna da nasu aikin: suna gaya wa mai karɓa cewa shi mai ilimi ne da ya san Apollo da Orpheus, ya je Italiya ya ga gumakan da idonsa, kuma abin da yake tallafa wa fasaha ce mai asali, ba wani baƙo mai neman kuɗin haya ba.

Charles Burney, marubucin tarihin kiɗa na zamanin, ya bar labarin yadda abin ke gudana a bayan labule. Uwargida Fox Lane, wadda daga baya ta zama Lady Bingley, ita ce uwar ɗakin Giardini. Tana shirya zaman kiɗa a gidanta wanda samun gayyatarsa abin taƙama ne. Idan ajon wani daga cikin 'yan gaban goshinta ya matso, sai ta tare baƙinta ta ce kowa ya kawo gini biyar, ba tare da ta faɗi dalili ba. Burney ya ce ana miƙawa kamar an haɗu da ɗan fashi a hanya, kuma duk mai son a sake gayyatarsa ba ya tambayar na mene ne. Wato ba Giardini ke sayar da tikitinsa ba. Ita ke sayarwa, kuma abin da take sayarwa shi ne shiga falonta.

Leopold Mozart ya karanci wannan tsari tun bai daɗe da sauka ba. Ya kawo 'ya'yansa biyu Landan a 1764, Wolfgang, wato Mozart ɗin da aka ambata, yana ɗan shekara 8. Sai da suka fara kaɗa wa Sarki da Sarauniya, sa'an nan ya sa ajonsu ranar 5 ga Yuni a Spring Garden, washegarin bikin ranar haihuwar Sarki, domin ya san manyan da suka tafi gidajensu na ƙauye za su dawo gari don bikin. Ya rubuta wa abokinsa a Salzburg cewa ya kwashi gini 100 cikin awa uku. Shekara ɗaya bayan haka, da ɗokin manya ya huce, yaran nan suna kaɗawa a wata mashaya a Cornhill, cikin unguwar 'yan kasuwa, ana shiga da sule biyu da sisi. Hannun yaron bai ragu ba, ya ma ƙaru. Masu zuwa ne suka canja.

Ajo na dare ɗaya ne. Babban ciniki shi ne na zango, inda mutum zai biya gini biyar a dunƙule don jerin darare, kuɗin da ya kusa albashin shekara na 'yar aikin gida. A nan tikiti ya tashi daga kyauta ya koma makulli. Teresa Cornelys, mawaƙiya daga Venis, ta mayar da Carlisle House da ke dandalin Soho matattarar manya daga 1760, kuma hikimarta ita ce ba ta sayar wa kowa kai tsaye ba: wasu mata masu sarauta ke riƙe da jerin sunaye, sai wadda ta san ka ta rubuta ka. A gidanta ne Johann Christian Bach, auta a cikin 'ya'ya mazan Bach babba kuma malamin kiɗan Sarauniya Charlotte, da abokinsa Carl Friedrich Abel suka fara jerin tarukansu a 1765, kafin su koma zauren Almack's, daga baya su shiga sabon zaurensu na Hanover Square a 1775. Da aka buɗe zauren Pantheon a titin Oxford a 1772, masu shi suka ce sai da shaidar matar mai sarauta za a karɓi kuɗin mutum. Manufar ita ce a tare matan da ake zargi da zaman kansu. Ana ba da labarin cewa da aka so hana 'yar wasa Sophia Baddeley shiga, samarin manya suka zare takubba suka raka ta har ciki, wanda ya nuna dokar ta fi damun matan manya fiye da mazansu.

Ko ba da aron tikiti yana da ƙa'ida. Tallan tarukan mai goge Johann Peter Salomon ya riƙa nanata cewa mace mace za ta ba nata, namiji kuma namiji, kuma ana buga na kowane jinsi da launinsa don mai gadi ya gane daga nesa. Wanda ya ɗan yi tunani zai gano abin da ake tsoro: kada maigida ya miƙa katin matarsa ga wadda ba a so a gani a zaure. Wasu wuraren ma ba takarda suke bayarwa ba. Gidan ofera da lambun Vauxhall suna da tikitin azurfa da ake sassaƙa sunan mai shi a baya, Jonathan Tyers mai Vauxhall kuma ya ba mai zane William Hogarth na zinariya, na har abada, wanda ke shigar da cikin keken doki guda.

Sadaka ta ba manya wata hanyar. Tikitin waƙar Messiah da mai tsara kiɗa Handel ya jagoranta ranar 1 ga Mayu, 1750, don gidan marayu na Foundling, yana ɗauke da tambarin gidan da Hogarth ya zana, an kuma roƙi maza su bar takubbansu a gida, mata su zo ba da faffaɗan siket mai ƙarfe ba, don wuri ya isa. Duk da haka bai isa ba, sai da aka maimaita bayan mako biyu. Wannan taro ya zama na shekara-shekara, ya tara wa gidan kusan fam 7,000 kafin rasuwar Handel a 1759. Marayu sun amfana, babu musu. Amma zuwa wurin ma wata hanya ce ta a gan ka.

Ƙololuwar abin ita ce bikin tunawa da Handel na 1784 a Westminster Abbey da Pantheon. An shirya shi a matsayin cikar shekara 100 da haihuwarsa, alhali a 1685 aka haife shi, kuskuren da ke rubuce har a kan kabarinsa. Makaɗa da mawaƙa sama da 500, tikiti gini guda, kowane zama da nasa zanen: Biagio Rebecca, Cipriani da Robert Smirke suka zana, Sherwin, Bartolozzi da Haward suka sassaƙa. An hana mata shiga da hula, an roƙe su su bar gashin tsuntsun da suke sokawa a ka. Kuɗin da aka tara ya haura fam 12,000, aka ba asusun gajiyayyun makaɗa 6,000, asibitin Westminster 1,000. Waɗanda suka jagoranci bikin, irin su Earl na Sandwich da Earl na Exeter da Sir Watkin Williams-Wynn, su ne dai shugabannin Concert of Antient Music da aka kafa a 1776, ƙungiyar da dokarta ta hana a kaɗa duk abin da bai kai shekara 20 da tsarawa ba. A can ba makaɗi ke zaɓen abin da za a kaɗa ba, manyan ne ke karɓa-karɓa, kowa da darensa. Sandwich da kansa yana son ya zauna bayan tambura ya buga. Daga 1785 Sarki George ya zama mai zuwa a kai a kai.

Wannan ƙungiya tana da alhaki biyu a wuyanta, mai kyau da maras kyau. Tana cikin waɗanda suka fara koya wa Turai cewa kiɗan matattu abin adanawa ne, a lokacin da aka saba jefar da na bara a nemi na bana. Amma dokar shekara 20 tana nufin kuɗin manya mafi tsoka ya tafi ga wanda ba ya iya cin abinci da shi, mai tsara kiɗa da ke raye kuma ya tsaya a waje. Mamaci ba ya neman ƙarin albashi, ba ya gardama da ubangida.

Akwai kuma tambayar da zanen Apollo ba ya amsawa: ina zinariyar ta fito? Sunan gini kansa daga gaɓar tekun Gini ta Afirka ta Yamma ya samo asali. An fara buga shi a 1663, wasu ɗauke da hoton giwa ƙarƙashin kan sarki, alamar kamfanin da daga baya ya zama Royal African Company, mai safarar zinariya da bayi. Duke na Chandos, wanda Handel ya zauna a gidansa na Cannons wajen 1717, babban mai hannun jari ne a kamfanin. Binciken David Hunter ya nuna Handel ma ya riƙe hannun jarinsa a 1720, haka da dama daga cikin manyan da suka zuba kuɗi a kamfanin ofera na Royal Academy of Music da aka kafa a 1719. Peter Beckford, wanda arzikin gidansu ya fito daga gonakin rake na Jamaika da bayi ke nomawa, ya ji wani yaro ɗan shekara 14 yana kiɗa a Rum a 1766, ya yi ciniki da ubansa, ya tafi da shi gidansa a Dorset. Shi da kansa ya rubuta cewa sayen yaron ya yi na shekara bakwai. Yaron shi ne Muzio Clementi. George Bridgetower kuwa, mai goge wanda ubansa baƙar fata ne da ya yi aiki a gidan Esterházy, ya burge Landan yana yaro, Yariman Wales ya karɓe shi daga hannun uban ya sa shi cikin makaɗansa. Shi ne ya fara kaɗa sonatar da yanzu ake kira Kreutzer tare da Beethoven a Biyana a 1803, kafin su ɓata Beethoven ya cire sunansa.

Idan aka bi ƙarshen mutanen da sunayensu ke kan katunan, labarin 'yancin makaɗi da ake yawan bayarwa sai ya yi rauni. Giardini, mai tikiti mafi kyau a Landan, ya sa hannu a harkar ofera ya yi asara, yayinsa ya wuce, ya mutu a Mosko a 1796 ba shi da komai. J. C. Bach ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1782, da bashi a kansa, duk da Earl na Abingdon ya yi ta toshe giɓin tarukansa. Sarauniya ce ta taimaka wa matarsa Cecilia Grassi ta koma Italiya. Cornelys ta ƙare a kurkukun masu bashi na Fleet a 1797. A Biyana ma haka zancen yake. A watan Maris na 1784 Mozart ya aika wa ubansa jerin sunaye sama da 170 na waɗanda suka biya kuɗin tarukansa uku, kusan duk masu sarauta da manyan gwamnati. A 1789 ya rubuta cewa ya zagaya da takarda mako biyu, suna ɗaya kawai ya samu, na Baron van Swieten. Yaƙi da Turkawa ya ci kuɗin manya, wasu sun bar gari. Ubangida ɗaya in ya gaji da kai dole ya kore ka da bakinsa, wani lokaci har da ɗan fansho. Ɗari biyu kuwa shiru kawai za su yi.

Haydn ne ya ci moriyar tsarin biyu, don ya shigo kasuwa da tsufansa da sunansa. Ubangidansa na lokacin, Yarima Nikolaus na gidan Esterházy, ya rasu a 1790 ya bar masa fansho, magajinsa ya sallami makaɗa, Salomon ya je har Biyana ya ɗauko shi. Ajonsa na 16 ga Mayu, 1791, a Hanover Square ya kawo fam 350, na 4 ga Mayu, 1795, kuma gulden 4,000, ninki goma na albashinsa na shekarar farko a gidan Esterházy, a dare ɗaya. Amma ko shi sai da Yariman Wales ya gaishe shi a bainar jama'a a wata rawar fada kafin manya su saki jiki da shi. Yariman nan kuma ya sa shi jagorantar kiɗa sau 26 a Carlton House bai biya ba. Sai da majalisa ta zauna biyan basussukan Yariman, Haydn ya aiko da takardar neman gini 100 daga Biyana, aka biya shi.

Bartolozzi ya bar Landan zuwa Lisbon a 1802, ya rasu can a 1815, kuma yayin katunan bai daɗe bayansa ba. A 1813 makaɗa da kansu suka kafa Philharmonic Society, su ke zaɓen abin da za a kaɗa, su ke riƙe asusu. A zaman farko, ranar 8 ga Maris, Salomon ne ya ja gaban masu goge, wanda ke kan fiyano kuwa Clementi ne, yaron da Beckford ya saya, yanzu mai masana'antar fiyano da kamfanin buga kiɗa. Ko su ba su yi gangancin fita ba inuwa ba, sun sa sunan Yarima mai riƙon gado a matsayin uban ƙungiya. Daga 1840 Louis Jullien ya riƙa cika gidajen wasa da masu biyan sule ɗaya. Mai sayar wa dubban baƙin fuska ba ya buƙatar Apollo, lambar kujera yake buƙata da injin da zai buga dubu kafin azahar. Concert of Antient Music ta ja ƙafa har 1848, da Yarima Albert da Duke na Wellington cikin shugabanninta, sa'an nan ta rufe.

Katunan da suka tsira sun tsira ne saboda mutane irin Sarah Sophia Banks, ƙanwar masanin tsirrai Sir Joseph Banks, wadda ta zauna a dandalin Soho tana tara tikiti da katin ziyara da tallan shaguna, tana liƙawa tana rubuta shekara a gefe. Bayan rasuwarta a 1818 tarin ya shiga British Museum, abubuwa sama da 19,000. Sai dai mai nazari ya yi hattara da su. Tun a zamanin ana ciro ƙarin bugu don masu tarawa, wanda bai taɓa zuwa bakin ƙofa ba, ana kuma goge sunan wani makaɗi a farantin a sassaƙa na wani. Kasuwar ta yi daɗin da har 'yan damfara suka shigo: wasu tikitocin ajo da aka daɗe ana jingina wa Hogarth, masana yanzu suna ɗaukarsu na jabu. Katin da ya fi amfani ga mai tarihi sau da yawa shi ne wanda dillali zai yi wa araha, mai lanƙwasa da tabon kaki da lambar da aka rubuta da gaggawa, domin shi ne ake da tabbacin wani ya biya kuɗinsa ya shiga da shi.